Me za a sha da balangu, me za a sha da masa?

Tambaya: Ni ma'aikaci ne a Kano, ban yi aure ba tukuna, kusan kullum a waje nake sayen abinci in tafi da shi gida ko ofis. Kwanakin baya na kalli wani shiri inda Turawa suke ta bayanin cewa kowane abinci yana da irin giyar inabin da ta dace da shi. Ni ba na sha, amma abin ya tsaya mini a rai. Gaskiya ne ko burga ce kawai? Mu ma muna da irin wannan a abin shanmu? Don ni duk abin da na sayo, da lemon kwalba nake korawa.

Ƙanena, rabi gaskiya ne, rabi burga. Ni ma ban taɓa kai ta bakina ba, amma na yi shekaru ina aikin kuku a kicin ɗin wani otal a Yamai ƙarƙashin wani Bafaranshe, kuma wanda ya daɗe a gindin murhu ko bai ci ba ya sha ƙamshi. A manyan gidajen abincinsu akwai mutum guda da ba shi da aiki sai zaɓa wa baƙo abin da zai sha da abin da ya yi oda, suna ce masa someliye. Abin ya shiga jinin Faransawa har hukumar UNESCO, lokacin da ta sa tsarin cin abincinsu cikin al'adun duniya da ya kamata a adana a 2010, ta ambaci haɗa abinci da giyar inabi a cikin abubuwan da suka sa ya zama na daban. Burgar tana wajen surutun da ake yi a kan kwalba, da kuɗin da ake zabgawa, da mutum ya shinshina kofi ya ce yana jin ƙamshin jiƙaƙƙen dutse. Amma ƙasan wannan duka akwai ilimin baki na gaske, kuma ba na giya ba ne ita kaɗai.

Ka lura da kanka in kana cin balangu mai kitse. Yanka na farko, santi. Na biyar, da daɗi. Kafin ka kai na goma sha biyar ka fara juya naman kana neman inda babu kitse, ka ce ya ginshe ka. Naman bai canza ba. Maiƙo ne ya lulluɓe maka harshe da ganɗa, ɗanɗano ya daina isa inda yake isa. Aikin abin sha a wurin shi ne ya wanke bakin, yanka na goma sha biyar ya dawo kamar na farko. Abubuwan da ke yin wannan wanki kuwa sanannu ne, tsami da bauri, sai kuma sanyi da gas da ke taimakawa.

Jar giya tana da bauri saboda ana barin ruwan inabin ya jiƙa tare da fatarsa da 'ya'yan cikinsa, nan sinadarin da ake kira tanin yake. Ka san shi ko ba ka san sunansa ba, shi ne abin da ke ɗaure maka baki in ka ci ɗanyar ayaba, ko goro, ko ka sha shayin da ganyensa ya daɗe a buta. Yana kama abin da ke sa yawu santsi ne, sai baki ya bushe. In akwai nama da kitse a bakin, sai ya koma kansu, baurin ya lafa, maiƙon ma ya tafi. Shi ya sa suke cewa jar giya sai jan nama. Farar kuma ana matse ta a raba ta da fatar tun farko, ba bauri sai tsami, ita suke ba kifi. Wasu masu bincike a Japan sun nuna a 2009 cewa sinadarin ƙarfe da ke cikin wasu giyoyin, musamman jajaye, shi ke tayar da ƙarnin kifi a baki. Sauran haɗe-haɗen da suke alfahari da su, in ka bincika, maƙwabtaka ce ta haɗa su. Farar giyar Sancerre da cukwin awaki na ƙauyen Chavignol yanki ɗaya suke. Muscadet a kusa da birnin Nantes ake yin ta, kusa da bakin tekun da ake samun kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo da suke ci, da kawar ake shan ta. Chianti ta Italiya tana da tsami, ita ke zama da miyar tumatirinsu. Manoma ne suka ci abin da ke gabansu suka sha abin da ke gabansu shekaru aru-aru har baki ya tantance, daga baya masu ƙwat da lakataye suka zo suka rubuta.

To, wa ya koya wa kakarka cewa ƙosai sai koko? Ƙosai daga cikin mai ya fito, koko kuma gasarar da ta kwana ta yi tsami, ga citta da kanumfari. Wannan shi ne haɗin da someliye zai caje ka kuɗi a kansa. Haka kunun tsamiya da ƙosai a buɗa-baki. Wata rana da azumi na jiƙa tsamiya a kicin, maigidan nan nawa ya ɗiba a cokali ya ɗanɗana, ya tsaya shiru, ya ce wannan tsamin ya san shi. Ashe da gaskiyarsa. Babban sinadarin tsamin inabi, wanda ake kira tatarik, shi ne dai babban sinadarin tsamin tsamiya, kuma 'ya'yan itatuwan da ke da shi da yawa ba su da yawa a duniya. Tun daga ranar na daina kallon abin nasu kamar wani sirri.

Wanda ya fi kusa da jar giya a aikin wanke baki cikin abin shanmu shi ne zoɓo. Yana da tsami mai kaifi, yana da ɗan bauri, ga launi. Ba mu kaɗai muka san darajarsa ba, a Senegal bisap ne, a Gana sobolo, a Kamaru folere, a Sudan da Masar karkade, kuma daga Jigawa, ta kasuwar Maigatari, ake lodinsa har Meziko inda suke shansa da abincinsu mai mai da barkono. Matsalar ita ce zoɓon da ake ƙullawa a leda ko a zuba a gora a sayar maka an riga an kashe shi. An zuba sukari kamar ba da kuɗi aka saya ba, an ƙara filebo na abarba ko na kola, wasu ma har da ɗan kanwa don ta kashe tsamin, shi ya sa kake ganin launinsa ya koma duhu maimakon ja mai haske. Wannan ya zama alewa mai ruwa. Zai yi daɗi da rana tsaka kana cikin adaidaita sahu, amma ba zai wanke maka kitse ba, don abin da zai yi wankin shi aka cire.

Zoɓon cin nama daban ake yin sa, kuma gwauro ma zai iya. Ka ɗauraye cikin gwangwanin madara biyu na busasshen zoɓo don ya rabu da ƙasa, ka zuba masa tafasasshen ruwa lita ɗaya da rabi, ka jefa kanumfari uku ko huɗu, ka rufe minti ashirin, ka tace. Kada ka bar shi yana ta tafasa a wuta, yana ƙara masa ɗaci ne. Sukari kuma rabin abin da hannunka ya saba, ko ƙasa da haka. In ka kurɓa ka ɗan yamutsa fuska, ya yi daidai, naman ne zai cike sauran. Abu ɗaya, zoɓo yana ɗan saukar da hawan jini, saboda haka wanda ke shan maganin hawan jini da mace mai ciki su tambayi likita kafin su mayar da shi ruwan sha.

Amma ba duk nama ne ɗaya ba, nan mutane ke kuskure. Balangu, musamman na rago, maganarsa kitse ce, zoɓo mai tsami ko baƙin shayi. Tsire kuma an shafe shi da ƙuli, yana da gardi, sannan mai nama ya barbaɗa maka yaji da hannu sake. Nan abokin faɗanka barkono ne, ba kitse ba. In zoɓon naka ya sha citta da masoro, ka ɗora wuta a kan wuta, don haka na tsire a bar shi ba citta, a ɗan ƙara masa zaƙi kaɗan, zaƙi yana kwantar da raɗaɗi. Turawan ma haka suke yi, in abincin Indiya ko na Tailan ne mai barkono sai su kauce wa giya mai ƙarfi, don barasa tana ƙara zafin yaji, su nemi mai ɗan zaƙi irin Riesling ta Jamus. Kilishi kuwa busasshe ne, ga yaji ga ɗan zaƙin labu, yana shan yawun baki. Shi abin sha mai jiki yake so, kunun aya mai sanyi, ko nono.

Maganar nono da yaji ba camfi ba ce. Sinadarin da ke sa barkono zafi ba ya narkewa a ruwa, a mai yake narkewa. Shi ya sa in attaruhu ya kama ka a farfesun kayan ciki, ka shanye fiya wata uku a banza, ruwan yana yawo da zafin ne a baki. Lemo mai gas ma ba ya wani taimako sosai, gas ɗin tsikarin harshen yake. Kindirmo cokali biyu ya gama maganar, don kitsen madara da wani sinadarin cikinta suna kwashe shi daga harshe. Indiyawa da ke cin barkono kamar mu, abin shansu a kan abinci nono ne da aka dama da ruwa.

Shayi kuma a tambayi Buzaye. Wanda ya taɓa zama a Agadas, ko ma wajen masu gadi a Kano, ya ga yadda ake dafa koren ganyen shayi a ƙaramar buta kan gawayi, a sha zagaye uku a ƙananan kofuna, na farko da ɗaci da bauri, na ƙarshe da zaƙi. Bayan an ci nama ake ɗora butar, kuma wannan baurin na zagayen farko shi ne tanin ɗin da muka faɗa, ba wani ba. Dattijon da ya gama cin naman suna ya laluba aljihu ya ɓantari goro, shi ma abin da yake nema ke nan. Sai dai shayi yana da illa ɗaya a kan abinci, yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe daga wake da ganye. Mai ƙarancin jini da mai ciki su ba da tazarar kamar awa guda tsakanin shayi da abinci. Tsamin lemon tsami da na garin kwalba, wato na 'ya'yan kuka, akasin haka suke yi, taimakawa suke. Shayin mai shayi mai madara da Bournvita a kan indomi da ƙwai uku da rabin burodi kuwa, na san ba za ka daina ba, ni ma ina ci, amma wannan nauyi ne a kan nauyi, barci kawai yake kawowa.

Abincin rana na ma'aikaci yawanci garau-garau ne ko ɗan wake, wani lokaci awara. Dukkansu mai da yaji ne a kan wake, suna zama a ciki. Waɗannan ruwan tsamiya suke so, ko lamurje, tsinkakke mai sanyi. Gurasa bandashe da ta sha ƙuli da man gyaɗa tana shaƙe maƙogwaro, zoɓo ne abokinta, duk wanda ya ci ta a cikin birni ya san haka ba sai an faɗa masa ba. Shawarma an riga an cika ta da mayonis da ketchup, zaƙi da maiƙo sun haɗu, ka matsa lemon tsami a ruwan sanyi ko a soda marar sukari ka ji bambanci. Gasasshen kifi ma lemon tsami ne ko lemon citta mara nauyi, kada ka bi shi da shayi mai ƙarfi.

Masa tana da ɗan wuyar sha'ani, don ita kanta ƙullunta ya kwana ya yi tsami. In da miyar taushe za ka ci, irin ta Bauchi, ga kabewa ga gyaɗa ga yakuwa, kwanon ya riga ya haɗa tsaminsa da zaƙinsa da maiƙonsa, bai bar wa abin sha wani aiki ba, ruwa ya isa. In da sukari ko zuma za ka ci ta da safe, shayi ko kunun gyaɗa. Kayan zaƙi irin alkaki da nakiya da dubulan da ake kawo maka daga gidan biki, kada ka haɗa su da lemo. Duk abin shan da bai kai abincin zaƙi ba, bayan loma ɗaya zai koma salam ko ya yi tsami a baki. Ko dai abin shan ya fi su zaƙi, wanda ba mai iyawa da alkaki, ko ka tafi can ɗaya gefen gaba ɗaya, baƙin shayi ba sukari.

Tuwo kuwa, ruwa. Na sha ganin samari a gidan abinci da tuwon shinkafa miyar kuka da kwalbar maltina a gefe, raina ya ɓaci. Daddawa da man shanu da yauƙin kuka ko kuɓewa ba sa shiri da zaƙi, kurɓa ɗaya ta share ɗanɗanon miyar da wata baiwar Allah ta yi awa biyu tana haɗawa. Fura da nono kuma ba abin kora abinci ba ce, ita kanta abinci ce, gero ne da madara. Manomi yana shan ta ya koma gona har la'asar. Wanda ya ci shinkafa da wake ya bi da fura, abinci biyu ya ci.

Lemon kwalbar naka ba zan ce ba ya aiki ba, ƙarya zan yi. A kan soyayyar kaza da dankali yana yi, don yana da sanyi, yana da gas, kuma akwai tsami a ɓoye ƙarƙashin zaƙin. Abin da ke damuna biyu ne. Na ɗaya, yana mayar da kowane abinci ɗanɗano guda, tsire da ɗan wake da dafa-duka duk su ƙare da zaƙi iri ɗaya a baki. Na biyu, lissafi. Gorar kola ta rabin lita tana ɗauke da sukari kimanin giram 50, fiye da ƙaramin cokali 12. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa kusan giram 50 ɗin nan ta ce kada babban mutum ya wuce a yini gaba ɗaya, ta ce in ya tsaya a 25 ya fi. Kai kuma ka ce kullum, wataƙila sau biyu. Harajin naira 10 kan kowace lita da gwamnatin Najeriya ta sa wa irin waɗannan lemuka a dokar kuɗi ta 2021 bai hana kowa sha ba.

Tunda ka ce ba ka sha, akwai wurare uku da giya ke shigowa ba sallama. Chapman da ake haɗawa a manyan gidajen abinci da wuraren biki, a asalin haɗinsa ana ɗiga Angostura, wani ruwa mai ɗaci na ƙara ɗanɗano, wanda barasar cikinsa ta kai kashi 44.7 cikin 100. Ɗigo kaɗan ne, amma ka ce a haɗa maka ba ita, ba wani abu ba ne. Sai dogayen kwalaben nan masu toshiya da ake fasawa a dina. Wasu ruwan inabi ne zalla da aka sa wa gas, bai taɓa zama giya ba. Wasu kuma giya ce aka yi ta sosai sannan aka cire barasar, kuma ana iya samun ragowar da ta kai kashi 0.5. Ka karanta jikin kwalbar, hukuncin na biyun kuma malamai za ka tambaya, ni kuku ne. Na uku shi ne girki. Faransawa da Italiyawa suna dafa nama da kaza da shinkafa da giya, kuma za a ce maka ai wuta ta ƙone ta. Ba duka ba. Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna bayan minti 15 ana dahuwa kusan kashi 40 na barasar na nan, sai an kai awa biyu da rabi take sauka zuwa kamar kashi 5. In ka shiga irin waɗannan wurare a Abuja ko Legas ko ƙasar waje, ka tambayi mai kawo abinci kai tsaye, sun saba da tambayar.

Abin shan gida da ake sayarwa a hanya kuma a kula da ruwan da aka yi shi da ƙanƙarar da aka jefa. Kunun aya musamman ba ya jure zafi, in ya yi 'yan awoyi ba sanyi ya fara lalacewa, in ka buɗe gora ka ji ta fitar da iska kamar lemo, ko ya fara yauƙi, zubar. Zoɓo da tsamiya sun fi shi juriya saboda tsaminsu, wanda ka yi da kanka zai yi maka kwana uku a firji in wuta ta yi mutunci.

Yau da daddare in ka biya wajen mai nama, ka sayi balangu, ka ce a haɗa maka da mai kitse. Ka ajiye kofi uku, ɗaya lemon da ka saba, ɗaya zoɓon nan mai ƙarancin sukari, ɗaya baƙin shayi mai ɗumi. Ka ci yanka uku ka kurɓi ɗaya, ka jira kaɗan, sannan ka ɗauki yanka na gaba ka ji yadda ya sauka, haka har ka zagaye su. Ka gaya wa mai naman ya ƙulle maka yajin daban a takarda, kada ya barbaɗa, in ba haka ba barkonon ne kawai za ka ji a duka ukun.